Gwiwar Hagu ta Usman

Ranar Talata bayan la'asar Majid ya shigo ɗakina na unguwar Hindawiyya a nan Makka riƙe da wata na'ura mai kama da abin huda bango. Majid ɗan wasan gaba ne a ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, yana da gudu, amma bakinsa ya fi ƙafarsa. Ya danna na'urar, ta hau karkarwa tana kuka kamar ƙaramin janareta.

"Ya ammi Haruna, ka ga wannan? Tausa take yi. Minti biyar, halas. Ta wayar jawwal na yi odarta."

Na miƙa masa cinyata, na ce ya ɗora ta a kai ta gaya mini wace jijiya ce ta ɗaure, kuma tun yaushe. Ya yi dariya ya ce ai ba ta magana. Na ce to ashe kun dace, ita ba ta magana, kai ba ka ji.

Ba na'urar ce ta kawo shi ba. Kwana huɗu kafin nan an fitar da mu daga gasar unguwanni a wasan kusa da na ƙarshe. Muna da ɗaya suna nema aka tafi hutu, aka dawo aka zura mana biyu. Tun daga ranar wayoyin samari ba su huta ba, kuma suna ɗaya suke ta tauna, Fahad, kyaftin ɗinmu. Wai shi ya fitar da mutum biyu ana tsaka da wasa, shi ya mayar da na gaba baya, shi kansa ya tsaya a tsakiyar fili kamar an dasa shi. An sa taro ranar Juma'a don a cire masa kambu, wato ƙyallen nan da kyaftin ke ɗaurawa a damtse. Majid yana so in tashi a gaban jama'a in ce duk 'yan wasan lafiyarsu ƙalau ranar, babu dalilin canjin sai son zuciya. Na ce masa ya gaida gida.

Ku da kuke ganin aikin nan shafa mai ne da murzawa, ku matso ku ji. Shekara arba'in da ɗoriya ina tausa da ɗori a garin nan. A Nakkasa aka haife ni, can kan dutse, a gidan da yanzu ko harsashinsa ba za ka samu ba. Kakana ya taso daga Kano da ƙafa, ya yi Hajji, bai koma ba. Maƙwabcinmu Malam Idi, Basakkwace, shi ne maɗorin unguwa, kuma wurinsa mahaifina ya kai ni da ya ga makaranta ba ta karɓe ni ba, ni ma ban karɓe ta ba.

Shekara biyu Malam Idi bai bar ni na taɓa jikin ɗan Adam ba. Bayan Hajji, lokacin da naman hadaya ya cika gari, sai ya sa a kawo masa ƙafafun raguna da fatarsu. Ya juya mini baya ya ƙwanƙwasa ɗaya da guduma, ya jera su duka a tabarma, ya ɗaure mini ido da rawaninsa, ya ce, "Biɗo min wadda tat tsage, ka gwada min wurin." In na kuskure sai in ji muciya a bayan hannu. "Kai da gaggawa kaka taɓawa, Haruna. Sake." Haka nake wuni ina lalubar ƙafar rago a cikin zafin Makka, ƙudaje suna raka ni, har yaran unguwa suka riƙa toshe hanci in na wuce. Ranar da na nuna masa tsaga uku a jere ban kuskure ba, bai ce madalla ba. Cewa ya yi in je in wanke hannu, akwai wani mai ɗauko kaya da ya yi targaɗe yana jira a waje.

Kayan aikina ba su cika jaka ɗaya ba. Tabarma, kwalbar man zaitun, ɗan man shanu saboda tsofaffin da ba su yarda da wani mai ba, bandeji, almakashi, da sandunan reshen dabino da nake fereƙewa da kaina don tallafe karaya. Kular ƙanƙara daga baya ta shigo, kuma Malam Idi har ya rasu yana mata kallon bidi'a. Sauran duk a yatsa yake, musamman babban yatsan dama, wanda yanzu ya lanƙwashe har ba ya shiga safar hannu.

Akwai wani mai tura arabiyya, wato keken da ake tura tsofaffin alhazai a ciki, da aka shigo da shi yana kukan baya. Ya shafa duk man da ke kemis, ya ɗaura ɗamara har biyu. Na sa shi ya taka daga ƙofa zuwa bango sau uku, na ga yana sauke ƙafar dama a gefe kamar mai gudun taka ƙaya. Ban taɓa bayan ba sam. Jijiyar diddigensa ce ta ɗaure tun kwana goma, yana ta karkacewa don ya kare ta, baya kuwa yana ɗaukar laifin da ba nasa ba. Na'urar Majid da an ɗora ta a bayan nan sai ta yi ta rawa har a kira magariba. Wani kuma an kawo shi ana cewa gocewa ce, na taɓa sau ɗaya na ce a sa shi a mota a kai asibiti yanzu, don abin ya wuce tabarma. Sanin inda hannunka ya tsaya ma koyonsa ake yi, kuma shi ya fi ɗaukar lokaci.

Masu zuwa wurina iri-iri ne, amma babu maƙaryaci kamar ɗan ƙwallo. Alhaji in ƙaya ta soke shi sai ya ce karaya ce, ka lallashe shi ya tafi. Ɗan ƙwallo zai shigo da idon sawu kamar mangwaro yana rantsuwa ba komai, don kada a ajiye shi a benci. Saboda haka ba na sauraron bakinsu. Matakala uku ce a ƙofata, kuma kafin mutum ya gama hawa na san rabin labarinsa. Sauran rabin ina jin sa a lokacin da na danna wuri ya riƙe numfashi yana murmushi.

To ga abin da ku masu wayoyi ba ku sani ba. Mu a ƙwallon unguwa ba mu da koci. Kyaftin ne ke zaɓen wanda zai buga da wanda zai zauna. Kuma tun zamanin Malam Idi akwai ƙa'ida: abin da hannu ya ji a kan tabarma, mutum ɗaya ake gaya wa, kyaftin, a kunne. Shi kuma ba ya gaya wa kowa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaran nan ba da ƙwallo suke ci ba. Wani yana neman aikin gadi, wani direba ne, wani yana jiran a kira shi gwajin lafiya, wani an kusa ba shi mata. A unguwa irin tamu, in aka ce da safe wane gwiwarsa ta lalace, kafin azahar maganar ta isa kunnen wanda zai ɗauke shi aiki, ta ƙaru da cewa gurgu ne. Don haka kyaftin yana shiga fili da abin da ya sani a cikinsa, ya yi canjin da kowa ke gani hauka ne, in an ci a ɗaga wanda ya zura, in an sha kashi a tambaye shi. Wani Bapakistane mai shagon ɗinki a layinmu, kyaftin ne na masu ƙwallon gora a cikin 'yan ƙasarsu, ya taɓa zuwa da ƙauri a kumbure bayan an ci su. Ina murza shi yana ce mini sandar abokan karawa ta fi masa sauƙi a kan bakin mutanensa. Na ce masa ashe cutar ba ta san yare ba.

Shekarar da ba na mantawa ita ce shekarar Sa'idu. Sa'idu ɗan baya ne, mai taksi, mutum marar yawan magana, shi ne kyaftin a lokacin, kuma a hannunsa muka kai wasan ƙarshe karo na farko tun da aka kafa ƙungiyar. Masu shirya gasar, Allah ya shirye su, suka sa wasan kwana biyar bayan saukowa daga Mina. Duk wanda aka haifa a garin nan ya san wauta ce, don a mausim, wato lokacin aikin Hajji, babu saurayin da ke zaune. Kowa yana tura arabiyya, ko ɗaukar kaya, ko jan ayarin alhazai da ƙafa daga Muzdalifa. Ƙafafun da aka kawo mini a makon nan kamar itace suke.

Tauraronmu a lokacin Usman ne. Rabin ƙwallayen da suka kai mu wasan ƙarshe shi ya ci. Jajibirin wasa ya hau matakalata da ƙafar dama, ya jawo ta hagu. Na kwantar da shi, na kama ƙoƙon gwiwar, na tura ƙaurin gefe, sai na ji ta ba da hanya kamar ƙofar da ƙusarta ta kwance. Ya faɗa mini gaskiya: a gangaren fita Muzdalifa keke ya ƙwace masa da wani alhaji mai jiki a ciki, ya tare shi da gwiwa. Jijiyar ba ta tsinke ba, amma saura kaɗan. Mako uku na hutu za ta kama. Minti ashirin a fili kuwa, sai dai a yi maganar tiyata.

Ya kama hannuna. "Ya ammi, wata mai zuwa nake da gwajin lafiya. Aikin nan shekara biyu ina bin sa. Mutumin da ya sa sunana yana da ɗan ƙane yana jira. In ya ji an ce gwiwa, halas."

Na kira Sa'idu na gaya masa a kunne, kamar yadda aka saba. Ya juya ya ce wa Usman, "Gobe ka sa rigarka da takalmanka ka zauna a benci. Kada ka ɗingisa a gaban kowa. Sauran nawa ne."

Usman ya zauna a benci, ya kuma ƙara da abin da ba a sa shi ba. Don kada a yi zargin ciwo, sai ya ɗaure fuska, ya riƙa jefar da gorar ruwa, yana ɗaga hannu sama duk lokacin da aka ɓarar da ƙwallo. 'Yan kallo suka ga haka suka ɗauka, suna kiran sunansa, suna zagin Sa'idu. Aka tashi babu ci, aka je bugun fenareti. Bugu na biyar na Usman ne a ƙa'ida, babu wanda ya yarda ya karɓa, kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran safa. Sa'idu, ɗan bayan da bai taɓa buga fenareti ba, ya ɗauki ƙwallo ya ajiye. Ya ɗaga ta sama da raga, ta haye katanga ta faɗa garejin wani.

Kafin a watse an gama shari'a. Hassada ce, in ji su, Sa'idu ba ya son a ce Usman ne ya ciyo kofi. Aka cire masa kambu a makon. Aka laƙaba masa Abu Sama, yara suna bin taksinsa suna nuna sama da yatsa. Waɗanda ko gudun mita goma ba za su iya ba, masu tumbi a kan kujerun shayi, su ne suka fi kowa sanin yadda ake buga fenareti. Ni ma na samu rabona, don an ce da bakina aka haɗa. Kusan shekara 'yan wasa suka ƙaurace wa tabarmata, suka koma wurin wani wanzami da ke yi wa kowane ciwo ƙaho, har da targaɗe.

Abin ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Na je wurin Malam Idi, lokacin ya tsufa ido ya tafi, na ce ya ba ni izini in faɗa. Ya ce, "In ka hwaɗi na guda, wa za shi sake kwantawa bisa tabarmarka da gaskiya?" Na je wurin Sa'idu a tashar taksi, ya ce, "Ammi, yaron ya samu aikin?" Na ce ya samu. Ya ce, "To ka bar ta." Na jira Usman ya buɗe baki da kansa bayan ya zauna daram a aikinsa. Shekara goma sha biyu ina jira. Ya yi aure, ya yi mota, ya yi tumbi, ya zama Abu Rayan, babban mai taimaka wa ƙungiya da riguna da ƙwallaye, ana ba shi kujerar gaba a kowane taro.

Ranar Juma'a aka taru a istiraha, wato gidan shaƙatawar da ake haya a bayan gari, bayan la'asar. Fahad yana zaune a gefe da kambun a hannu, yana juya shi. Majid ya karanto laifuffukansa daga waya, har da hoton bidiyo da aka ja wa jan layi, kamar masu binciken kisan kai. Aka tambayi Fahad dalilin canjin, ya ce, "Haka na ga ya dace." Aka yi masa ihu. Aka juyo kaina, na ce ni tausa nake yi, ba shaida ba.

Sai Abu Rayan ya gyara zama ya yi gyaran murya, ya dubi samarin. "Ya shabab, ni na ga irin wannan da idona. Kyaftin in ya fara jin kansa, ƙungiya ce ke biya. An taɓa ajiye ni a benci a wasan ƙarshe, kowa ya san labarin."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na je na durƙusa a gabansa kamar mai gaisuwa, na ɗora babban yatsana a gefen gwiwarsa ta hagu, ta ciki, daidai wurin, na danna kaɗan. Na ce, "Abu Rayan, ya ƙafa? Tana damunka in an yi sanyi?" Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma ko Malam Idi ba zai ce na karya ƙa'ida ba.

Ya riƙe numfashi yana murmushi, irin na da. Sannan murmushin ya tafi. Ya daɗe yana kallon yatsan nan nawa, sai ya fara magana ƙasa-ƙasa, Hausa tana ƙwace masa yana kamawa da Larabci. Ya faɗi keken, ya faɗi gangaren Muzdalifa, ya faɗi gwajin lafiya da gorar ruwan da ya riƙa jefarwa. Ya ce Sa'idu bai taɓa yi masa hassada ba, rufa masa asiri ya yi. Shi ya sa yau nake iya ba ku labarin, don mai gwiwar ya faɗa da bakinsa a gaban mutum talatin.

Kuna tsammanin samarin nan sun ji kunya? Shiru na minti ɗaya suka yi, shi ma don ana zuba shayi. Wani ya ce, "Miskin Abu Sama," ko sunan bai iya sauyawa ba. Majid ya ce, "Tayyib, ya ammi, wannan tarihi ne, Allah ya ba shi lada. Mu maganar bana muke yi." Aka ɗaga hannu, aka cire Fahad, aka ba Majid. Fahad ya tashi ya ɗaura masa kambun da hannunsa, ya gyara masa shi don ya zauna daidai, ya fita. Raina ya ɓaci ƙwarai, na naɗe tabarmata ban tsaya cin shinkafarsu ba.

Abu Rayan, in ba shi haƙƙinsa, ya nemi Sa'idu washegari a tashar taksi. Shi ya ba ni labarin. Ya ce ya shiga gaba ya zauna ya yi ta bayani, Sa'idu yana riƙe da sitiyari yana saurare. Da ya gama, Sa'idu ya ce, "Gwiwar ta warke?" Ya ce ta warke. Sa'idu ya ce, "Alhamdu lillahi. Ina zan sauke ka?"

Jiya jajibirin wasan neman na uku ne, wasan farko na sabon kyaftin. 'Yan wasa suka zo ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, suka hau matakala uku, suka kwanta, suka yi mini ƙaryarsu, suka tafi. Majid ya zo ƙarshe da takarda a hannu, ya riga ya rubuta sha ɗayansa, duk waɗanda Fahad ya fitar ya mayar da su, ya kuma tura wa samari a waya an yi masa tafi. Na ce ya rufe ƙofa. Na ce ya matso da kunnensa. Na gaya masa abin da hannuna ya ji, da sunaye, da abin da kowanne zai rasa in maganar ta fita.

Ya zauna a bakin tabarma. Ya dubi takardarsa, ya dube ni.

"Fahad ya san wannan?"

"Tun wata biyu."

"Ya ammi, na riga na tura sunaye. In na canza yanzu, me zan ce wa shabab?"

Na ɗauko almakashina na ci gaba da yankan bandejin wasan.

"Ba za ka ce musu komai ba," na ce. "Ai kai ne kyaftin."